Mijinta ya naƙasa a hatsarin mota: shin matar na da haƙƙin neman tata diyyar daban?

Ummu Hanifa:

Assalamu alaikum. Ina neman masu ilimin shari'a su warware mini wannan. Mutum yana zaune da iyalinsa a Amurka, babbar motar wani kamfani ta buge shi, laka ta taɓu, yanzu daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. An shigar masa da ƙarar neman diyya. Sai lauya ya ce ita ma matar tana iya shigar da tata, don an tauye mata zaman aurenta. Wace irin diyya ce wannan alhali ba jikinta aka taɓa ba? Me ake buƙata kafin a same ta, kuma akwai wata illa idan ta shiga? Allah ya saka da alheri.

Barista Sada:

Wa alaikumus salam, Malama. Lauyan bai yi kuskure ba. A takardun kotu za ki ga an rubuta loss of consortium, abin da ake nufi shi ne asarar da ɗaya daga cikin ma'aurata ya yi na abin da aure ke ba shi, saboda wani ya ji wa ɗayan rauni ta hanyar sakaci ko ganganci. Miji na iya nema idan matar ce aka raunata. Haƙƙin na wanda bai ji ciwon ba ne, da sunansa ake shigarwa, kuma kuɗin nasa ne.

Asalin abin daga tsohuwar dokar Ingila yake, kuma a da miji kaɗai ke da shi, don ana kallon hidimar mace a matsayin mallakarsa. A Amurka shari'ar Hitaffer ta 1950, a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington, ita ta buɗe wa mata ƙofa. New York ta bi a 1968, Kalifoniya a 1974, Texas a 1978. Shari'ar Kalifoniyar, Rodriguez da kamfanin Bethlehem Steel, ta yi kama da wadda kika kawo. Bututun ƙarfe mai nauyin sama da laba 600 ya faɗo wa matashi ɗan shekara 22 a wurin aiki, wata 16 kacal da aurensa, jikinsa ya shanye. Kotu ta ce yarinyar da aka aura don zaman aure ta koma mai jinya dare da rana, kuma wannan cuta ce da aka yi mata ita kanta.

Abu huɗu ake tabbatarwa. Akwai halastaccen aure a ranar da raunin ya faru. Wanda ake ƙara shi ne da laifin raunin. Zaman auren ya tauye da gaske. Kuma raunin ne sanadin tauyewar, ba wani abu da ya riga shi ba.

Na farkon ya fi kayar da mutane fiye da yadda ake zato. Wanda ya auri mutum bayan hatsari, a mafi yawan jihohi ba shi da komai, domin doka na ganin ya shiga auren da saninsa. Baiko ba aure ba ne. Zaman da ba aure, ko na shekara 20 ne, kotun ƙolin Kalifoniya ta ƙi shi a shari'ar Elden ta 1988, kodayake jihar New Mexico ta sassauta a 2003. Auren da aka ɗaura a wata ƙasa galibi ana karɓarsa muddin ya inganta a dokar inda aka ɗaura shi, amma sai an kawo takardar shaida, tare da fassarar da aka tantance idan ba da Turanci take ba. Inda ake shan wahala shi ne auren da aka ɗaura a cikin Amurkar ba tare da an karɓi lasisin aure na hukuma ba. Jihohi sun sha bamban a kansa, don haka a fara da shi kafin komai.

Abin da ake biya shi ne rasa ƙauna da kulawa da hira da tallafin zuciya da taimakon juna a cikin gida, da rasa kwanciyar aure, da rasa damar samun haihuwa. A Kalifoniya ana gaya wa masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ƙarara cewa kada su saka albashin mijin da ya tsaya, kada su saka kuɗin jinyar da matar ke yi masa, kada su saka albashinta idan ta bar aiki don ta kula da shi. Mutane na jin wannan su ga kamar zalunci ne. Dalilin shi ne albashinsa da kuɗin jinya suna cikin ƙarar mijin, ba a son a biya abu ɗaya sau biyu. Saboda haka a tabbatar lauya ya lissafa awannin jinyar da matar ke yi a cikin ƙarar mijin, a kan farashin da za a biya mai jinya na haya. Idan aka manta da shi a can, ba za a same shi a nan ba.

Ƙarar matar reshe ce a jikin ta mijin. Idan kotu ta ce direban ba shi da laifi, tata ta faɗi tare da tasa, komai tsananin halin da take ciki.

Malam Isiyaku:

Barista ya yi bayanin doka. Ni zan yi maganar inda kuɗin ke fitowa, don samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban.

Kusan duk irin wannan diyya kamfanin inshora ke biya, kuma takardar inshorar mota tana da iyaka biyu: abin da za a biya kan mutum ɗaya, da abin da za a biya kan hatsarin gaba ɗaya. A Kalifoniya mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta tun 1 ga Janairun 2025 shi ne dala 30,000 kan mutum ɗaya, dala 60,000 kan hatsari. Kafin nan 15,000 da 30,000 ne. Mutane na zaton tunda miji da mata mutum biyu ne, to 60,000 ta buɗe. A yawancin jihohi ba haka ba ne. Takardar na cewa iyakar mutum ɗaya ta haɗe duk wata asara da ta samo asali daga raunin jikin mutum ɗayan nan, har da ta iyalinsa. Tunda jiki ɗaya aka raunata, su biyun 30,000 ɗin za su raba. Idan kuɗin asibitin mijin kaɗai ya wuce haka, ƙarar matar ba ta ƙara ko sisi ba.

Tunda a tambayar nan babbar motar kamfani ce, lamarin ya fi sauƙi. Dokar tarayya ta wajabta wa manyan motocin haya masu ɗaukar kaya tsakanin jihohi inshorar aƙalla dala 750,000, kuma manyan kamfanoni kan ɗora wata a sama. Abu na farko da lauya zai nema a rubuce shi ne jerin duk inshorar da ke kan motar da direban da kamfanin. Na biyu a duba inshorar motar ma'auratan su kansu, ko tana da ɓangaren da ke biya idan inshorar mai laifi ba ta kai ba.

Sai rabon laifi. A ce an yanke wa matar dala 100,000, amma an ce mijin na da kashi 30 cikin 100 na laifin hatsarin. A jihohi da yawa za a rage nata da wannan kason, ya koma 70,000. Lauya ya cire ladansa, wanda yawanci kashi ɗaya cikin uku ne, yakan kai kashi 40 idan an je gaban alƙali. A kan kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage kusan 46,700 ne, kafin a cire kuɗin ƙwararrun shaidu da na takardu. Akwai kuma jihohin da ke kan tsohuwar doka, irin su Alabama da Maryland da North Carolina, inda ɗan ƙaramin sakaci daga wanda aka raunata ke iya rushe ƙararsa gaba ɗaya.

Idan da a wurin aiki ya ji raunin, tsarin diyyar ma'aikata ya toshe hanyar ƙarar mai aikin, kuma toshewar ta haɗa da matar. Sai dai a nemi wani na gefe mai laifi, kamar kamfanin da ya ƙera injin ko ɗan kwangilar da ba shi ya ɗauke shi aiki ba. Idan kuskuren likita ne, akwai rufin da doka ta sa wa diyyar da ba ta asarar kuɗi ba. Kalifoniya ta tsaya kan dala 250,000 tun 1975, sai a 2023 ta ɗaga zuwa 350,000, ana ƙara 40,000 duk shekara har ta kai 750,000. Texas ta sa 250,000 kan likitoci a 2003, kuma dokarta ta ɗauki duk masu nema kan raunin mutum ɗaya a matsayin mai nema ɗaya, wato miji da mata rufi ɗaya suke ciki.

Ga wani amfani da ba a cika faɗa ba. Idan aka yi sulhu, inshorar lafiya da asibiti da hukumar diyyar ma'aikata duk za su zo neman a mayar musu abin da suka kashe wa mijin. A wurare da dama bashin nan na hawa kan kason mijin ne, ba ya taɓa na matar. Don haka yadda aka rubuta rabon a takardar sulhu yana da tasiri sosai kan abin da zai shigo gidan. Amma kada a zarce. Idan aka tura rabin kuɗin ga matar don a guje wa bashi, masu bin bashin za su ƙalubalanta, kuma alƙali na da ikon sake rabon. Ta fuskar haraji kuwa, a dokar tarayya diyyar da ta samo asali daga raunin jiki ba a cire mata haraji, har da ta matar, ban da kuɗin ruwa da diyyar ladabtarwa.

Barista Hauwa:

Ummu Hanifa, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, kuma ita ce lauyoyi da yawa ke tsallakewa a zaman farko. E, akwai illa. Duk wadda ta shigar da wannan ƙara ta zama mai ƙara, kuma ta ɗora aurenta a kan teburin shari'a. Sirrin da doka ke karewa tsakanin miji da mata yana raguwa sosai a kan abin da ita da kanta ta kawo gaban kotu.

Ga yadda abin ke gudana. Da farko za a aiko tambayoyi a rubuce, a amsa bisa rantsuwa, yawanci cikin kwana 30. Daga nan sai zaman amsa tambayoyi baki da baki a ofishin lauya, mai ɗaukar bayani na kotu na zaune yana buga kowace kalma, wani lokaci da kyamara. A kotunan tarayya iyakar zaman rana ɗaya ce, awa 7. Lauyan kamfanin zai tambaye ta sau nawa suke kwanciya a wata kafin hatsarin, sau nawa yanzu. Ko sun taɓa raba ɗaki. Ko ta taɓa barin gidan. Ko an taɓa kiran 'yan sanda. Ko sun je wurin mai sasanta ma'aurata. Sannan a kira mijin shi kaɗai a yi masa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, a gwada amsoshin. Za a nemi takardun likitan ƙwaƙwalwa idan ta ce damuwa ta kama ta, a tono hotunan Facebook, inda hoto ɗaya na murmushi a wajen biki zai zama hujjar cewa ai lafiya lau suke.

Abin da ke kashe ƙarar ba wai an taɓa samun saɓani ba ne. Masu yanke hukunci su ma suna da aure, sun san babu gidan da ba a faɗa. Ɓoyewa ce ke kashewa. Mace ta rantse cewa ba su taɓa samun matsala ba, sai a fito da takardar neman saki da ta shigar shekara 3 da suka wuce ta janye. Daga wannan lokacin ba ita kaɗai aka daina yarda da ita ba, shakkun na shafar maganar mijin kan ciwonsa, wadda ita ce babbar ƙarar. A gaya wa lauya komai tun ranar farko, mai daɗi da marar daɗi.

Kan hujja kuwa, kalmomi irin su "rayuwata ta canza" ba sa motsa kowa. Abin da ke aiki shi ne bayanin yini ɗaya dalla-dalla. Ta tashi sau uku cikin dare ta juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ta sa masa robar fitsari duk bayan awa 4 zuwa 6. An fitar da gadonsu an kawo na asibiti mai ƙarfe a gefe, ita tana kwana kan katifa a ƙasa. Da shi ke kai yara makaranta, shi take kai wa ƙorafinta idan ta dawo aiki, yanzu tana haɗiye damuwarta don kada ta ƙara masa. A samu likitan da ke duba shi ya rubuta a fili cewa raunin ya shafi kwanciya da haihuwa, kuma na dindindin ne, don a bakin likita wannan magana ta fi nauyi kuma ta rage wa matar kunya. A ƙara da shaidu biyu ko uku da suka san gidan kafin da bayan hatsarin, zai fi kyau waɗanda ba dangi ba. Idan za ta riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum, ta yi shawara da lauya tukuna, domin littafin na iya faɗawa hannun ɗaya ɓangaren.

Babu ma'aunin lissafi. Ana duba tsawon auren, ƙarfinsa, shekarun ma'auratan, da tsananin raunin. Asarar gaba ana auna ta da shekarun da ake sa ran za su yi tare, wato na wanda ake ganin zai riga ɗaya tafiya.

Ra'ayina shi ne idan rauni ne da zai warke cikin wata shida, kamar karayar hannu, bai kai a buɗe ɗakin aure ga baƙi ba, kuma yakan sa masu yanke hukunci su ga kamar kwaɗayi ne. Amma raunin laka, ko na ƙwaƙwalwa da ke sauya halin mutum, ko ƙuna mai tsanani, a nan haƙƙi ne na gaske, bai kamata kunya ta sa ta bar shi ba. Lauyanta na iya neman umarnin kotu da zai taƙaita tambayoyin kwanciya ya kuma hana yaɗa amsoshin.

Ummu Hanifa:

Na gode ƙwarai. To idan tana tsoron wannan tonon, za ta iya jira ta ga yadda ta mijin za ta kaya, daga baya ta shigar da tata?

Barista Sada:

Kada ta jira, Malama. Wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara 2 ne a Kalifoniya da Texas, shekara 3 a New York, kuma shari'ar babban rauni na iya cinye wannan lokacin tun ba a kai ko'ina ba. Idan akwai hannun hukuma a ciki, wa'adin ya fi gajarta. A Kalifoniya sai an miƙa takardar neman diyya ga hukumar cikin wata 6. Idan motar gwamnatin tarayya ce, shekara 2 ne, kuma dole matar ta gabatar da nata neman da adadin kuɗin da take nema. Ambaton ta a matsayin matarsa a takardar mijin ba ya wadatarwa, an kori ƙararraki da dama kan wannan.

Bayan wa'adi, jihohi da yawa na son a haɗa ƙararrakin biyu wuri ɗaya. A New York, shari'ar Buckley ta 1997 ta nuna cewa idan wanda aka raunata ya yi sulhu ya sa hannu kan takardar yafe sauran haƙƙi, ƙarar abokin zamansa da ba a haɗa ba ta tafi. Texas da Ohio sun ɗauki akasin haka, sun ce mutum ba ya yafe haƙƙin da ba nasa ba. Ko a can ɗin, galibi kamfanin inshora ba ya sakin kuɗi sai ya ga sa hannun su biyun, don haka ta karanta abin da take sa wa hannu, ta ga nawa aka ware mata.

Hanyar da ta fi ita ce a shigar da tata tare da tasa, idan daga baya ta ga ba za ta iya ba, a janye. Amma janyewa iri biyu ce: wadda ke barin ƙofa a buɗe, da wadda ke rufe ta har abada. A shari'ar Boeken da kamfanin taba na Philip Morris, matar ta janye ƙararta janyewa ta dindindin tun mijin na raye. Da ya rasu ta nemi diyyar rasa shi, kotun ƙolin Kalifoniya a 2010 ta ce ta riga ta rufe wannan ƙofar da hannunta. Ga mai raunin da ka iya zama ajalinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na ƙarshe, idan matar ce ke tuƙa motar da mijin ke ciki, ɗaya ɓangaren zai ce ita ma da laifinta. A nan lauya ɗaya ba zai iya tsaya musu su biyu ba tare da matsala ba, ta nemi nata.

Malam Tukur:

Ƙarin bayani ga wanda ke wata ƙasa, kada ya ɗauka ko'ina haka yake. A Ingila wannan ƙara ba ta nan. A 1952, a shari'ar Best da kamfanin Samuel Fox, kotun ƙoli ta lokacin ta hana wata mata diyya bayan hatsarin wurin aiki ya kashe wa mijinta mazakuta, sannan dokar 1982 ta soke haƙƙin har ga mazan. Abin da ake yi yanzu shi ne wanda aka raunata ya saka ƙimar jinyar da iyalinsa ke yi masa kyauta a cikin ƙararsa, kuma abin da aka biya kan wannan amana ne a hannunsa na mai jinyar. Idan mutuwa aka yi, akwai ƙayyadadden kuɗin rashi, fam 15,120 tun watan Mayun 2020.

Ailan ta bi ɗaya hanyar, kotun ƙolinta ta ba mata haƙƙin a 1992. A Ostareliya jiha-jiha ne: New South Wales ta soke a 1984, South Australia ta riƙe ta kuma ba mata. Lardin Ontario na Kanada ya faɗaɗa shi a dokar iyali, har 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwa na iya nema. A Indiya, kan mutuwa a hatsarin mota, kotun ƙoli ta yanke rupi 40,000 a 2017, da ƙarin kashi 10 cikin 100 duk shekara 3.

Ko a cikin Amurka akwai jihar Virginia da ba ta ba abokin zama ƙara tasa daban. Maganar 'ya'ya ma haka: Massachusetts ta yarda a 1980 yaro ya nemi diyyar rasa kulawar uban da aka raunata, Kalifoniya ta ƙi tun 1977. Ummu Hanifa, ba ki faɗi jihar ba. Ki sa a tambayi lauyan dokar wace jiha ce za ta yi aiki, domin da motar kamfani mai ratsa jihohi, inda hatsarin ya faru da inda ma'auratan ke zaune da inda kamfanin yake na iya zama wuri uku daban, kuma kotu ce ke zaɓar wadda za a bi.